Shekarar da Na Kai Ƙarar Likitan Baba

Ƙarfe huɗu da minti goma na la'asar, ranar wata Alhamis, Baba ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "A gaya musu ƙafa ta yi nauyi." Na riƙe lokacin ne don agogona yana kan littafin da nake bita, ina auna kaina da shi kamar yadda za a auna mu ranar jarrabawar bak ta gama sakandare. Muna cikin wani ɗan ɗaki a wata kilinik ta kuɗi a Yamai. Da safiyar ranar aka yi masa aiki a ƙashin baya, da azahar kuma na gan shi da idona yana motsa yatsun ƙafafunsa duka biyu, likitan yana murmushi. Ba kowa a ɗakin sai ni da shi. Amma da bango ya yi magana, domin ni ce ɗiyarsa ta fari, kuma tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana son ruwa sai ya ce a kawo ruwa. In na ci jarrabawa sai ya gaya wa Inna ya ji 'yar lakwal, wato 'yar makaranta, ta yi ƙoƙari. Ku ba ku tashi da wannan kunya ba, kuna hawa wuyan ubanku kuna ja masa gemu. Shi ya sa na fara da ita, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane sauran ba.

Na san abin da kuke ji in kun je hutu Gaya. Ana gaya muku uwarku ta kai likita ƙara don kwaɗayin dukiya, ta tona wa kakanku asiri a gaban jama'a, baƙin cikin haka ya rage masa kwana. Ba ku taɓa tambayata ba, amma na ga yadda kuke yin shiru in an ambaci sunansa. Abu guda na nema a waccan shekara, kuma ba dukiya ba ce. So nake wani ya buɗe baki ya gaya mini yadda aka yi mutumin da ya shiga da ƙafarsa ya fito a kan katifa.

Kakanku Garba direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar kaya tsakanin Gaya da Kwatano tun kafin a haife ni. Kujerar kamyon ce ta cinye masa baya. Ciwon ya fara a ƙugu, ya gangaro ƙafar hagu kamar ana zuba masa ruwan zafi. An yi ƙaho, an yi sakiya, an shafa abin da dangin Inna suka aiko daga Bengou, duk a banza. Ranar da ya kasa saukowa daga kamyo a layin duwan, wato kwastan na bakin gada, sai da abokansa suka sauko da shi, ranar ya yarda a je Dosso. Daga Dosso aka ce sai Yamai. Hoto ya nuna wani guringuntsi ya zame daga tsakanin ƙasusuwan baya yana danne jijiya. Likitan matashi ne, mai daɗin baki, ya ce aiki ne da ya saba yi, kafin a girbe shinkafa Baba zai koma kan kamyonsa. Inna tana goyon autarmu, ba ta iya tafiya. Yayan Baba, wanda muke kira Baba Sani, shi ya raka shi, ni kuma aka haɗa da ni saboda ni kaɗai ke karanta Faransanci, a samu mai duba takardar magani. Da aka fito da Baba lafiya, sai saƙo ya iske Baba Sani cewa an riƙe masa kaya a duwan. Ya yi hamdala da aikin ya yi kyau, ya kama motar azahar ya koma Gaya. Likitan ma da zai tafi ya dube ni ya ce kada in kuskura in bar maras lafiya shi kaɗai, in na ga wani abu in gaya wa infirmiyar, wato nas ɗin da ke gadi. Ni kuwa irin yarinyar nan ce da in mushe, wato malamin aji, ya ce a ja layi biyu ƙarƙashin suna, ba ta jan ɗaya, ba ta jan uku.

Na je na sami infirmiyar tana cin abinci. Na tsaya a bakin ƙofa har sai da ta ɗago ta gan ni, don ban iya katse babba ba. Ta wanke hannu ta biyo ni. Na koma wurina a gefen kan Baba na tsaya, don kada wata kalma ta wuce ni. Ita kuma ta tsaya daga ƙafar gado.

"Baba, yaya jikin? Ka yi fitsari? Akwai inda ba ka ji?"

"Da sauƙi," in ji Baba. "Alhamdu lillahi."

"Kin ji ko, ɗiyata? Allurar barci ce ba ta gama sakinsa ba. Koma ga karatunki."

Ba ta ɗaga zanen da ke kansa ba. Ba ta taɓa ƙafar ba. Kafin magariba na lura yatsun nan da suka yi motsi da azahar sun tsaya, na koma na kira ta. Ta zo, na tsaya inda na tsaya, ta yi tambaya irin ta ɗazu, ya ba ta amsa irin ta ɗazu. Na yi ƙarfin hali na roƙe ta ta kira likita, ta ce ba a tayar da babban likita don nauyin ƙafa, balle mai ƙafar da kansa ya ce da sauƙi. Haka muka kwana. Likitan bai zo ba sai bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Ya yaye zanen, ya soka wa Baba tsinin allura a tafin ƙafa, ya hau da ita sama yana soka yana tambaya, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce in fita. Daga waje na ji yana yi wa ma'aikatansa tsawa da Faransanci. Aka sake shiga da Baba ɗakin aiki, aka ce jini ne ya taru a wurin ya daskare, ya matse jijiyoyin. Da likitan ya fito na tambaye shi ko ƙafar za ta tashi. Ya ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran na Allah ne. Wannan ita ce amsa ta farko da aka ba ni.

A kan katifa muka dawo da shi, a bayan motar wani abokinsa. Gidanmu ya koma gidan raɗa. Inna ita kaɗai ke shiga ta gyara shi, in za ta yi sai ta kore mu duka zuwa zaure, ta wanke zannuwan da asuba ta shanya su a bayan ɗaki inda ba mai gani. Na san akwai robar fitsari don ni na sayo ta a farmasi, sauran kuwa ban tambaya ba. Amma Baba bai karye ba a lokacin. Kowace safiya Inna ta yi masa wanka, ta sa masa babbar riga, ta rufe masa cinya da bargo, Baba Sani ya turo shi a keken guragu zuwa gindin dogon-yaron da ke ƙofar gida. Nan direbobin tasha ke taruwa. Suna kawo masa muruci da rake, suna ba shi labarin hanya, wane ya faɗa rami, wane jandarma ya kama. Wani dattijo a cikinsu kullum sai ya ce, "Garba, faɗi gaskiya, 'yan duwan ka gaji da su ka ƙirƙiro hutu." Baba ya ce ai shi yanzu ya zama patoro, mai gidan mota, zaune yake ana kawo masa rahoto. Ina jin dariyarsa daga cikin gida. Gari ya san ƙafafunsa sun mutu. Abin da ke ƙarƙashin bargon kuwa, daga shi sai Inna sai Allah.

Ni ce na kasa zama. Na ari wani littafi wajen mushen da ke koya mana ilimin jikin ɗan Adam, na karanta babin ƙashin baya har na kusan haddace shi. A ciki na ga abin da ya sami Baba sananne ne, kuma in aka buɗe wurin da wuri aka kwashe jinin, sau da yawa jijiya tana farfaɗowa. In aka bari ya kwana, sai ta mutu. Na daina barci. Ina rufe ido sai in ga matar nan tsaye daga ƙafar gado, hannunta a cikin aljihun riga. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gidanmu ba, na sami Baba Sani bayan ya idar da sallar la'asar, na durƙusa na ce ina so a kai ƙara.

"A kai wa?" in ji shi. "Likita? Shi ya halicci ƙafar?"

Na ce na kira tun la'asar ba a duba shi ba.

"To, Madam Zuzu alƙaliya. An sa ki lakwal ki karanta mana takardar magani, kin dawo za ki yi shari'a da ƙaddara. Tashi ki taya uwarki daka."

Inna ba ta yi mini ba'a ba. Cewa ta yi wanda ya ba shi ƙafa shi ya karɓi abinsa, kuma in na san abin da take gani kowace safiya, da na bar maganar nan ta kwanta. Ban gane nufinta ba. Na ɗauka gajiya ce. Wata malamarmu ta haɗa ni da ɗan'uwanta a Yamai, aboka ne, wato mai tsaya wa mutum a gaban shari'a. Ya saurare ni ya ce shi bai taɓa kai likita ƙara ba, bai kuma san wanda ya taɓa ba, amma maganata tana da ƙafa. Sai dai ba ni aka cuta ba, dole mai jikin ya sa hannu. Na yi kwanaki ina zagaya ƙofar ɗakin Baba. Rannan na tsaya daga waje, na fuskanci tabarmar ƙofa, na ce ana so a kai ƙarar kilinik, amma an ce sai da yardarsa.

"In 'yar lakwal ta ga haka ya dace," ya ce, "a kawo in dangwala."

Bai tambayi abin da za a faɗa a gidan shari'a ba. Ni ma ban sani ba. A zatona za a yi maganar agogo ne, ƙarfe nawa na kira, ƙarfe nawa aka zo.

Shari'ar ta cinye shekarar. Ranar da sa'o'ina suka shiga ɗakin jarrabawar bak ina kan hanyar Yamai, alƙali ya sa wani tsohon likita ya sake duba Baba ya rubuta abin da ya gani. Da ranar zama ta zo, direbobin tasha suka ce ba za su bar Garba ya je shi kaɗai ba. Suka ajiye kamyoyinsu, suka cika benci biyu da manyan riguna. Na ji daɗin ganinsu. Baba yana gaba a kekensa, bargonsa a cinya. Sai aboka ɗin namu ya miƙe. Don ya nuna wa alƙali girman ɓarnar, ya ɗauki abin da tsohon likitan ya rubuta ya karanta shi da ƙarfi, layi bayan layi, tafinta yana juyawa zuwa Hausa. Cewa mutumin nan ba ya riƙe fitsari. Ba ya riƙe bayan gida, sai dai a tarar. Ba shi da sauran abin da ke tsakanin miji da mata, kuma ba zai dawo ba. Tafintan saurayi ne, ya yi aikinsa, bai tsallake komai ba. Na ga dattijon nan mai tsokanar Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wani ya tashi a hankali ya fita. Baba bai motsa ba. Ƙeyarsa kawai nake gani, da gumin da ke gangarowa cikin wuyan rigarsa.

Aka kira infirmiyar. Ban ga ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta ce yarinyar ta kira ta, ta zo, duk zuwan da ta yi ta tambayi maras lafiya da harshensa, ya ce mata da sauƙi. Aboka ɗin kilinik ya ce ba a buɗe bayan mutum karo na biyu don ɗiyarsa ta ji tsoro, sai in shi ya yi kuka da wani abu. Alƙali ya juya ga Baba ya tambaye shi ko gaskiya ne ya faɗi haka.

"Na faɗa," in ji Baba.

Alƙali ya ce, a lokacin yana jin jikinsa daidai? Baba ya yi shiru. Aka sake tambaya, tafinta ya matso kusa da shi. Aboka ɗin namu ya sunkuya yana roƙonsa a kunne. Abin da ya fito daga bakin Baba shi ne a kai shi gida. Tsohon likitan, da aka tambaye shi ko da an buɗe tun ranar Alhamis ƙafar za ta tashi, ya ce mai yiwuwa ne, amma ba wanda zai iya rantsuwa. Bayan wasu makonni hukunci ya fito, an ce ba a tabbatar da sakaci ba. Amsa ta biyu da ta uku ke nan.

Labari ya riga mu isa Gaya. Ba wanda ya yi shi da mugunta, amma abin da benci biyu suka ji ba ya ɓoyuwa a garin da kowa ke shan shayi a tasha guda. Washegari Inna ta yi wa Baba wanka, ta ɗauko babbar riga, ya ce a mayar. Bai sake fita gindin dogon-yaro ba har ya bar duniya. Abokansa suka yi ta zuwa suna sallama, yana cewa a ce yana barci, har suka rage, har suka daina. Baba Sani ya same ni a tsakar gida ina tankaɗe, bai ɗaga murya ba.

"Likita ƙafa ya karɓe masa," ya ce. "Ke kuwa kin tuɓe shi a kasuwa."

Daga ranar bai sake amsa gaisuwata ba sai a zaman makokin Baba. Inna ba ta taɓa cewa ai ta gaya mini ba. Ta ci gaba da wankinta na asuba, sai dai ta daina ɓoye shanyar a bayan ɗaki, tunda ba sauran abin ɓoyewa.

Kun san aikin da na yi har na yi furfura, magatakarda a gidan shari'a. Na ci bak a shekarar da ta biyo, na bi wannan hanya. A zamanin Baba in ka ce za ka kai likita ƙara sai a dube ka kamar ka zagi liman. Yanzu irin waɗannan ƙararraki suna zuwa teburina ba wanda ke ɗaga gira, kuma na aikin ƙashin baya ba su da wuyar samu a cikinsu. Su ma kilinik sun koyi darasi, kafin wuƙa ta taɓa mutum sai ya sa hannu cewa an gaya masa komai, kuma suna da masu tsaya musu a shari'a a shirye. Abin da na lura da shi, ba kasafai ake kuka da wuƙar kanta ba. Kukan yana kan awoyin da suka biyo baya ne, an kira ba a zo ba, an zo ba a duba ba. Masu ƙara da yawa har yau haka suke fita kamar yadda muka fita. In na ga iyali sun zo da mai keke, nakan ja babbansu gefe in gaya masa abin da za a karanta da ƙarfi, tun kafin su gayyato dangi. Ni ba wanda ya gaya mini. Kuma har gobe ina kan bakana, da matar nan ta ɗaga zane ta taɓa ƙafar da hannunta, da ba ta buƙaci amsar kowa ba. Wannan aikinta ne, ba ta yi ba.

Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina. Baba ba wawa ba ne. Mutum ne da ke jin ƙarar da ba daidai ba a cikin inji tun kafin makanike ya ji. Shi ya fara cewa ƙafa ta yi nauyi. Me ya sa da aka zo ya ce da sauƙi?

Da daminar da ta zama ta ƙarshe a rayuwarsa na zo hutu daga Yamai. Aka yi rasuwa a Bengou, Inna ta tafi gaisuwa da safe, ta ce za ta dawo kafin magariba, in kai masa kunu bayan la'asar in ajiye in fito. Na kai. Ɗakin yana warin sabulu da man zafi. Ya rame, yana kwance fuskarsa wajen bango, 'yar rediyonsa tana magana ƙasa-ƙasa. Na ajiye kwanon, amma ban fito ba. Na durƙusa a bakin ƙofa daga ciki, na fuskanci bangon da yake fuskanta, na ce ana da tambaya, an daɗe da ita. Ana so a san abin da ya sa ranar nan a kilinik aka ce wa infirmiya da sauƙi.

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi, har na ɗauka ba zai amsa ba. Da ya yi magana, ya fara ne kamar yadda ya saba, ya ce a gaya wa mai tambaya ya ji abin da matar take nufi sarai. Tun kafin la'asar ya taɓa jikinsa daga cibiya zuwa ƙasa ya ji kamar na wani ne. Amma wannan ba maganar da uba ke yi ba ce ɗiyarsa ta fari tana tsaye a kansa, in kuwa ya ce a fita, an riga an san abin da zai faɗa. Bai juyo ba, amma abin da ya biyo baya ba da bango ya yi shi ba.

"Duk zuwan da ta yi, jira nake ki fita," ya ce. "Ba ki fita ba."